Wasiƙa daga Dubai a kan sabuwar wayata

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da dukan mutanen gida. Ina neman afuwa a kan shirun da kuka ji na mako uku. Tsohuwar wayata ce ta suɓuce daga aljihuna a wurin aiki, gilashinta ya tarwatse, mai gyara kuma ya ce kuɗin gyaran ya kusa kai na sabuwa.

Da aka biya mu albashi sai na hau jirgin ƙasa na sauka a tashar Baniyas, na taka zuwa unguwar Naif, inda shagunan waya suke jere, har mutum yakan ji ana ciniki da Hausa. Na sayi Samsung A15, bayan na sa mai shagon ya buɗe kwalin a gabana. A ciki babu kan caja, sai igiyar kaɗai, dole na ƙara kuɗi na saye shi daban.

Kwanakin farko na sha fama da ita. Da zanen yatsa ake buɗe ta, ni kuwa ɗaukar kwalaye ya sa hannuna ya yi kanta, sai in ɗora babban yatsa sau uku ko huɗu ta ƙi gane ni. Wajen rubutu kuma, duk kalmar Hausar da na rubuta sai ta mayar da ita Turanci, har sai da wani ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya ya sanya mini Hausa a allon rubutun. Yanzu ina samun ɓ da ɗ da ƙ, ba na ƙara rubuta "kasa" alhali "ƙasa" nake nufi.

Akwai manhajar da ke kiran salla da nuna alƙibla. Ranar da na fara gwada ta a wurin aiki, na ga kibiyar ta juya yamma, na tsaya ina kallonta, domin ko da yake na daɗe da sanin cewa Makka tana yamma da mu a nan, har yau idan zan tayar da kabbara zuciyata gabas take nufa, kamar a masallacin ƙofar gidanmu.

Babban dalilin wannan wasiƙa shi ne kira. A ƙasar nan saƙon WhatsApp na rubutu da na murya yana tafiya, amma kiransa ba ya shiga, shi ya sa Inna take ta kira ba ta samu na. Don Allah a gaya mata ba ƙin ɗauka nake yi ba. A ce wa Auta ya sauke manhajar Botim a wayarsa, da ita ake kiran bidiyo a nan. Mun riga ku da awa uku, saboda haka ƙarfe 5 na yammacin Lahadi a wajenku ya yi daidai da ƙarfe 8 na dare a wajena, lokacin ina ɗaki. Ya zauna kusa da Inna ya riƙe mata wayar, a kuma fito tsakar gida inda akwai haske, domin shekara biyu ke nan rabona da ganin fuskarta.

A gaishe da Yaya da iyalinsa da maƙwabta. Ina neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.