Godiya ga masu wankin hoto na Unguwar Sarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ba mai yawan rubutu a intanet ba ce, kuma da wuya a ji na yabi ɗan kasuwa, domin a ganina wanda ka biya ya yi maka aiki, haƙƙinka ne ya ba ka. Amma abin da aka yi mini a wani ɗan shagon wankin hoto da ke Unguwar Sarki, daura da titin Ali Akilu, ya wuce ciniki, shi ya sa na ga ya dace in gode musu a bainar jama'a, musamman matashin da ke zama a teburin ciki.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar wata 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Fujifilm, irin wadda ake sa wa batirin agogon bango guda biyu. A Saudiyya ya saye ta lokacin aikin Hajjin 2007, kuma tun daga nan duk abin da ya taso a gida sai ya ɗauko ta: suna, saukar karatu, bikin ƙanwata. Ɗauka kawai yake yi, bai taɓa kai ko ɗaya an wanke ba. Bayan rasuwarsa Inna ta ce tana son hotunan. Idonta ya yi rauni, waya kuwa ba ta yarda da ita ba. Cewa ta yi: "Ni ku kawo mini wanda zan riƙe a hannuna, in kai shi bakin taga in duba."

Na ɗauka aikin rabin yini ne. Ashe wahala ce ke jirana. Na bi shagunan da ke kan Ahmadu Bello Way, na gangara wajen babbar kasuwa, na leƙa wasu a Tudun Wada, kusan ko'ina amsa ɗaya: "Hajiya, turo ta WhatsApp." In ce hotunan ba a waya suke ba, a kyamara suke, sai a kalle ni kamar na zo da wani abin tarihi. Wani yaro ya zare katin da kyamarar ke ajiye hotuna a ciki, ya juya shi, ya shiga cusa shi da ƙarfin tsiya a ramin da ba nasa ba, har sai da na ƙwace abina ina rawar hannu. Wani kuma ya ce katin ya mutu, sai dai a goge shi a sake shi sabo, wato a share duk abin da ya kawo ni. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani mai gida, ba yaron shago ba, da ya ce in kunna kyamarar in riƙa ɗaukar ɗan gilashinta da waya ina turo masa. Gilashin da bai kai faɗin ashana ba! Da na nuna ban yarda ba, ya juya ya ci gaba da hirarsa ta ƙwallo, ko sallamata bai amsa ba. Ban yi fushi don ba su iya ba, rashin sani ba laifi ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a cikinsu babu wanda ya ce "ban sani ba", kowa sai ya ɗora laifin a kan kayana.

Maƙwabciyata ce ta kwatanta mini wannan shago, ta ce can take yi wa yaranta fasfo na makaranta. Na je ba tare da wani sa rai ba. Matashin ya gaishe ni, ya ba ni kujera, ya karɓi kyamarar da hannu biyu. Yana buɗe murfin sai ya yi murmushi ya ce: "Hajiya, lafiyar katinku ƙalau. Wannan shi ake kira xD, kamfanonin Fujifilm da Olympus ne suka fito da shi a 2002, daga baya kowa ya koma katin SD, shi ya sa ba ku samu inda zai shiga ba. Ni ma ba ni da abin karanta shi, amma ba sai mun cire shi ba." Ya mayar da katin, ya rufe.

Ya fara da batir. Ya ce irin mai arha da ake sayarwa a bakin titi ba ya iya ɗaukar kyamara, tana kunnuwa sai ta ɗauke, kuma ba a so ta mutu ana tsakiyar aiki. Ya sa mata nasa masu caji. Sannan ya jawo wani tsohon kwali cike da kebul iri-iri, ya durƙusa yana gwada bakinsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, in ya ga bai dace ba ya ajiye, ba dannawa ba tilastawa. Da ya samu mai ɗan siririn bakin da ya shiga, ya shiga saitin kyamarar ya sauya yadda take haɗuwa da waje, daga na kwamfuta zuwa wani da ake kira PictBridge. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce tsari ne da ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta fitar a 2003, don kyamarar kowane kamfani ta iya aika hoto kai tsaye zuwa na'urar bugawa ta kowane kamfani, ba tare da kwamfuta a tsakani ba. Shi ya sa Fujifilm ɗin mahaifina ta yi aiki da 'yar na'urarsa ƙirar Canon Selphy, wadda na ɗauka da farko wani ƙaramin rediyo ne a kan kanta.

Daga nan ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya miƙo mini kyamarar, kebul ɗin na maƙale da ita, ya nuna mini maɓallin wucewa gaba da na zaɓa da na ƙara yawan kwafi, ya ce: "Hajiya, ku zaɓa da kanku. In akwai hotunan iyali na cikin gida, ba sai na gani ba." Ya juyar da bakin na'urar ya fuskance ni, shi kuma ya koma gefe yana yanka fasfon wasu. Ban gaya masa komai ba, amma ya san gidan da aka yi biki ba a rasa hoton mata ranar kamu ko ranar lalle, babu mayafi, babu ɗankwali. Hotunan nan daga kyamara suka fito suka hau takarda suka shigo hannuna. Ko ɗaya bai sauka a kwamfutar shago ba, balle in kwana ina tunanin wa zai buɗe shi gobe.

Na zauna ina kallon ikon Allah. Takardar tana shiga ta fito ta baya, ta dawo, har sau huɗu. Karon farko rawaya ce zalla, na biyu ja ya hau, na uku shuɗi ya shiga sai fuska ta bayyana, na huɗu kuma wani siririn rufi ne mai sheƙi da ke kare hoton daga ruwa da shafar yatsa. Yana faɗowa a bushe yake, ba jiran shan iska. Na farkon da ya fito mahaifina ne a sansanin alhazai na Mando, da jakarsa a kafaɗa, yana dariyar nan tasa da ba ya buɗe baki sosai. Matashin ya ga halin da na shiga, ya ajiye mini ruwa a gefe, bai ce uffan ba.

Sau ɗaya kawai ya tsoma baki, shi ma da izinina. Wani hoton taron iyali ya fito an yanke saman hular kawuna. Ya ce ƙananan kyamarori irin wannan hotonsu ya fi takardar inci 4 da 6 tsawo ta sama da ƙasa, don haka in aka ce hoto ya cika takarda baki da baki dole a ɗan datse shi. Ya sauya saiti ya bar farin gefe, hoton ya fito cif, kuma bai sa wanda ya lalace a lissafi ba. Ya kuma tambaye ni ko a buga da kwanan wata a kusurwa. Na ce a sa, kuma na gode Allah da na ce haka, domin da shi muka raba gardamar da aka daɗe ana yi a gidanmu kan shekarar da aka yi saukar ƙanena. Batun cewa tsohuwar kyamara hotonta dishi-dishi yake fita, wanda aka tsorata ni da shi a wani wuri, shi ma ya ce babu shi: a ma'aunin kaifin hoto da ake kira megafiksel, tamu 5 ce, alhali hoto mai girman nan 2 ma sun ishe shi. Wanda aka turo ta WhatsApp ne ma ya fi lalacewa, saboda manhajar tana matse shi kafin ya isa.

Kuɗin da ya faɗa tun farko shi ya karɓa. Na ƙara masa wani abu ya ƙi, ya ce mai gidansu ya hana.

Wannan ya sa nake tambaya, me ya samu sauran? Kaduna gari ne da ya san hoto tun zamanin da ake sa wa kyamara fim, iyayenmu suna cin ado su je situdiyo su zauna gaban labule mai zanen fure, kuma hotunan nan har yau suna nan a albam ba su canza ba. Yanzu shago ya yi yawa, sana'a ta yi ƙaranci. Mutum ya sayi kwamfuta da janareta ya kafa allo, ya ɗauko yaro ya zaunar, bai koya masa komai ba sai karɓar kuɗi. A buga maka hoto da tawadar da aka ɗura a kwalba a kan takarda mai arha, damina ɗaya ta wuce ka ga fuskar amarya ta koma kore. Ka ba da katinka mai lafiya a cusa shi a kwamfutar da kowa ke cusa nasa, ka dawo gida ka tarar komai ya ɓace. Mafi muni shi ne rashin amana: ka shiga shago ka ga hoton matar wani ko 'yar wani an manna a gilashi ana tallar aiki da shi, ka tabbata ba a nemi izininta ba. Na taɓa tsayawa a bayan wani yana neman fayil ɗina, yana wuce hotunan bikin mutane a gaban duk wanda ke shagon, abokansa suna leƙe suna sharhi. Kuma ba masu hoto kaɗai ba, haka za ka tarar a wajen masu gyaran waya, haka a wasu ofisoshi, in kai dattijo ne ko ka zo da tsohon kaya sai a ɗauka ɓata musu lokaci ka zo yi.

Ga mai wannan shago, ban same ka ba ranar da na je, amma tarbiyyar yaronka ta nuna ko kai wane ne. Ka riƙe shi da kyau, ka ƙara masa albashi in da hali. Roƙona ɗaya: allonku ya yi ƙanƙanta, rumfar mai shayi ta kare shi, sai da na wuce ku na dawo. Ku ɗaga shi sama, kuma ku rubuta a jiki cewa kuna wanke hoto kai tsaye daga kyamara, domin na san gidaje da yawa a garin nan da ke da irin tamu a ƙasan akwati. Inna ta ce in gaya wa yaron tana sa masa albarka, ta kuma ce in koma a ƙaro mata kwafi na hoton Mando, za ta aika wa ƙanwar mahaifinmu a Zariya. Ina nan tafe ranar Asabar in Allah Ya kai mu.

Allah Ya yi wa kasuwarku albarka, Ya jiƙan iyayenmu.

Wassalam,
Wata uwa daga Tudun Wada, Kaduna.