Kira ga ɗalibanmu masu tsara darussan bitar alhazai

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da ke karatu a nan Saudiyya, musamman masu tsara darussan aikin Hajji a PowerPoint suna turawa gida domin malamai su yi wa maniyyata bita da majigi. Aikin lada ne, Allah Ya saka musu. Sai dai wata al'ada da ta kama mu tana ɓata wannan wahala.

Da an ce kwamfutar malam tsohuwa ce, sai mu adana fayil ɗin a tsarin 97-2003, wato .ppt, muna ganin mun sauƙaƙa masa, ba tare da mun tambaye shi wace irin PowerPoint gare shi ba. Alhali tun 2007 Microsoft ta koma tsarin .pptx, kuma duk wadda ta fito daga wannan shekara zuwa yau tana buɗe shi. Idan ta malam ta 2010 ce ko ta 2013, mayar da fayil .ppt asara ce kawai. Bidiyon ɗawafi da ka dasa a ciki ma yana iya komawa hoto sandararre.

Inda abin ya fi ciwo shi ne zane. Wani abokin karatuna ya tsara kwanakin Hajji da SmartArt, wato kayan zane shiryayye da ke cikin PowerPoint, gwanin kyau: akwatin Mina ranar 8 ga Zulhijja, kibiya zuwa Arfa ranar 9, kwanan Muzdalifa, sannan jifa ranar 10. Rubutun ciki da Larabci ya yi shi, da niyyar malamin garinsu ya mayar da shi Hausa. To malam ta 2003 yake da ita, ita kuwa ba ta san SmartArt ba, don da ta 2007 ya zo. Zanen duka ya dunƙule ya zama hoto guda, ko harafi ɗaya ba ya gyaruwa. Haka dattawa mata da maza suka zauna suna kallon rubutun da akasarinsu ba sa iya karantawa, a kan ibadar da wasu suka yi shekaru suna tara wa kuɗi. Wannan ya tsaya mini a rai. Da akwatuna da kibiyoyi na gama-gari aka zana shi ɗaya bayan ɗaya, da malam ya gyara abinsa cikin sauƙi.

Sababbin kayan ado ma haka suke. Juyin shafi na Morph da siffofin 3D sai ta 2019 zuwa sama ko Microsoft 365 suke aiki sosai, a akasarin tsofaffin kuwa Morph ɗin dusashewa kawai yake zama, siffar kuma ta daina juyawa. Ni dai a ganina darasin Hajji bai buƙatarsu.

Manhajar kanta tana yin gargaɗi. A shiga File, sai Info, sai Check for Issues, a danna Check Compatibility, za ta jero abin da zai lalace a tsarin 97-2003 da lambar shafinsa. Mu ne muke wucewa ba mu karanta ba. A kuma kula da ƙirar rubutu, wato font, domin idan wadda ka zaɓa babu ita a kwamfutar can, ɗ da ƙ da ɓ sukan fito a karkace ko su zama akwatuna, layukan Larabci kuma su goce daga inda ka ajiye su.

Roƙona, kafin kowa ya fara tsara na bana, ya kira malam ya ce ya duba shekarar manhajarsa, ya tambayi ko majigin mai faɗin 16:9 ne ko 4:3. Sannan duk fayil ɗin da za a tura a haɗa shi da kwafin PDF, wanda ko a waya zai buɗe yadda aka tsara shi.

Naka,
Wani ɗalibi daga Madina