Roƙo a Kan Yadda Ake Kawo Mana Jawaban Shugabanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yadda ake kawo mana labarin manyan jawaban siyasa. Na lura cewa duk lokacin da wani shugaba ko ɗan takara ya yi jawabi a babban birni, abin da ke iso mu shi ne hoton cincirindon jama'a da jerin sunayen manyan baƙi, sai kuma layi biyu ko uku daga cikin abin da ya faɗa. Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan taro ba zai zaci cewa duk mutumin da ke cikin hoton ya ji maganar da kunnensa, alhali kuwa ba haka abin yake ba, kuma ina da shaida a kan haka.

Ni mutumin Baga Sola ne a gaɓar Tafkin Chadi, kuma sana'ar gidanmu ita ce fataucin banda da kanwa. A farkon shekarar 2024 na koma Njamena wurin kawuna, wanda ke da shago kusa da kasuwar gero, ina baƙo sosai har ban iya bambanta unguwa da unguwa ba. Ina can aka buɗe yaƙin neman zaɓe ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, domin zaɓen shugaban ƙasar Chadi na ranar 6 ga Mayu wanda 'yan takara 10 suka shiga, wanda kuma ya kawo ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na shekara uku da aka fara bayan rasuwar Idriss Deby Itno a watan Afrilun 2021. A ranar ce shugaban riƙon ƙwarya, Mahamat Idriss Deby Itno, ya yi taronsa na farko a babban dandalin nan da ake kira Place de la Nation, ni kuwa da ban taɓa ganin shugaban ƙasa ba sai a waya, na ce ba za a yi ba ni ba.

Da zan fita, kawu ya ce mini: "Ɗana, ɗauki gorar ruwa da katin shaidarka, amma kada ka riƙe jaka." Na gane dalilinsa tun kafin in isa dandalin, domin ɗan acaɓa, wanda a nan ake kira kilando, ya sauke ni nesa saboda an tare hanyoyi, sannan aka laluba mu ɗaya bayan ɗaya kafin mu wuce. Ban ga laifin wannan ba. Njamena ta ga hare-haren bam a watannin Yuni da Yuli na 2015, mu kuma mutanen Baga Sola ba ma bukatar a tuna mana da harin bam ɗin da aka kai kasuwarmu a watan Oktoban 2015.

Dandalin fili ne mai faɗin gaske, kusa da fadar shugaban ƙasa da babbar majami'ar Katolika, kuma ba shi da nisa da kogin Shari, wanda in ka tsallaka shi ka shiga Kusiri ta Kamaru. Watan Afrilu a Njamena kuwa kowa ya san shi, zafi yakan haura maki 40, ga shi inuwar da ke wurin ba ta isa jama'a ba. Ƙungiyoyi sun zo kowace da ankonta da tutarta da makaɗanta, mata na rangaɗa guɗa, yara masu tallan ruwa na kutsawa tsakanin ƙafafun mutane. Na ga Sara da Larabawa da Kanembu da Gorane da Fulani da namu Hausawa a fili ɗaya, abin da ban taɓa gani da yawa haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, ya burge ni.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Da aka fara jawabi, sai na tarar cewa a inda nake tsaye, can wajen baya inda mafi yawan jama'a suke, murya tana zuwa ne daga lasifika biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, ta yadda kowace kalma sai ta iso sau biyu tana taka 'yar'uwarta, ga kuma ganguna ba su yi shiru ba. Abin da ke fitowa daga dandamali duk a harsunan hukuma ne, wato Faransanci da Larabci. Larabcin kasuwa ina jin sa sarai, amma Faransancina bai wuce na firamare ba. Tafi kan tashi daga layin gaba, inda ake jin maganar, ya gangaro har ya iso mu, sai mu ma mu ɗauka. Wani dattijo da ke gefena, wanda ya naɗe kansa da rawani saboda rana, ya taɓa kafaɗata ya tambaye ni da Hausa: "Yaro, me ya ce?" Na ce: "Baba, na ji an ambaci tsaro da matasa, sauran ya ɓace mini." Ya ce: "To, Allah ya sa alheri ya faɗa," sannan ya ci gaba da tafinsa. Ba ina kawo wannan don in yi wa dattijon dariya ba ne, domin ni ma tafin nake yi. Na tabbata da taron wani ɗan takarar na je, abin da zan tarar ke nan, tun da ƙasar da ke da harsuna sama da 100 ba ta yadda za a yi lasifika ɗaya ta ishe ta.

Da daddare na kunna rediyo, sashen Hausa na wata tashar waje ya ba labarin ɗan lokaci kaɗan ya wuce zuwa wani, kuma ban zarge su ba, duniya suke kawowa gaba ɗaya. Sai daga baya wani ɗalibi maƙwabcinmu ya karanta mini a wayarsa, yana fassarawa, cewa ɗan takarar yana da rubutaccen shiri mai manyan ayyuka 12 da matakai 100. Na tambayi 'yan kasuwar layinmu, har da waɗanda suka je dandalin, ban sami wanda zai iya lissafa mini uku daga ciki ba.

Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin akwai abubuwan da muka je da su a zuciya muna son jin amsarsu. A watan Fabrairun 2024 an ƙara kuɗin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, a ƙasar da ta fara fitar da ɗanyen mai tun 2003, wadda kuma ke da matatar mai a Jarmaya tun 2011, matatar da duk wanda ya shigo birnin ta hanyar Masaget yake wucewa ta kusa da ita. A wurinmu mutanen tafki, kuɗin fetur shi ne kuɗin jirgin ruwa mai inji, shi ne kuɗin motar da ke ɗauko banda zuwa Njamena, saboda haka shi ne ribar shekara ko asararta. Wutar lantarki kuwa kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun ta a faɗin ƙasar, kuma ko a babban birni an sha kwana cikin duhu a waccan bazarar. Batun tsaro ya fi duka nauyi a kanmu: a yankinmu na tafki an kashe sojoji kusan 100 a Bohoma a watan Maris na 2020, aka kuma kashe kimanin 40 a Barkaram a watan Oktoban 2024, wata biyar kacal bayan rantsar da sabon shugaba. Idan mai zaɓe yana son ya auna ko an cika masa alkawari a kan waɗannan, dole ne ya san ainihin abin da aka ce za a yi, da inda za a yi shi, da lokacin da aka ɗiba. Mu 'yan kasuwa mun san cewa bashin da ba a rubuta a littafi ba, ranar biya gardama ake yi a kansa.

Sakamakon zaɓen sananne ne: Mahamat Deby ya sami kashi 61 cikin ɗari, Succès Masra ya sami kashi 18 da 'yan kai, Albert Pahimi Padacké ya sami kusan kashi 17, aka kuma yi rantsuwa ranar 23 ga Mayu. Su ma waɗannan biyun sun yi jawabai da yawa, kuma abin da ya iso mu daga bakinsu da Hausa bai fi na wancan ba. Yanzu kuma da aka gyara tsarin mulki a watan Oktoban 2025, aka mayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara bakwai maimakon biyar, tazarar da ke tsakanin alkawari da ranar hisabi ta ƙara tsawo, kuma abin da mutum ya tsinta rabi da rabi cikin rana ba zai zauna masa a kai tsawon wannan lokaci ba.

Saboda haka roƙona shi ne, duk lokacin da aka yi babban jawabi a Njamena, jaridarku ta buga shi da Hausa gaba ɗayansa, in kuma fili bai isa ba, a fitar da kowane alkawari da ya zo da adadi ko wuri ko lokaci, a bambanta maganar mai jawabi da sharhin mai rahoto, a kuma ba 'yan adawa fili daidai da na masu mulki. Bayan shekara sai a sake ɗauko shafin a gaya mana abin da aka fara da abin da ba a taɓa ba. Mai yiwuwa a ce Hausawan Chadi ba su da yawan da za a yi musu wannan wahala, amma 'yan'uwanmu na Kusiri da Marwa da Garwa da Ngaundere suna cikin irin wannan hali da jawaban Yawunde, waɗanda ake yi da Faransanci da Ingilishi, kuma shafi ɗaya na Hausa ba mutum ɗaya ke cin moriyarsa ba: ana karanta shi da ƙarfi a teburin mai shayi, ana naɗar muryar mai karatun a tura ta WhatsApp har tsibiran tafki. Masu fassara kuwa ba za a rasa ba, akwai ɗalibai a Njamena da suka iya Faransanci da Larabci da Hausa, irin maƙwabcin nan nawa, waɗanda za su karɓi aikin in an neme su.

Na gode da wannan fili.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwa daga Baga Sola, mazaunin Njamena