Killace matafiya: tsakanin saukar jirgi da kwana na bakwai ake yin ɓarnar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu tofa albarkacin bakinmu kan muhawarar da har yau ba ta mutu ba, wato ko rufe ƙofa ga matafiya da killace su lokacin korona ya tsinana wani abu. Wasu na cewa da an rufe filayen jirgi tun Janairun 2020 da cutar ba ta shigo ba. Wasu kuma na cewa duk hanyar tatsar kuɗi ce aka buɗe. Mu ma'aikatan lafiya ne, kuma a ganinmu ana ta jayayya a bakin ƙofa, alhali aikin ya lalace ne bayan matafiyi ya ɗauki jakarsa ya fita daga filin jirgi.

A fara da kwanakin. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas, wani ɗan Italiya. Sai a tsakiyar Maris aka hana shigowa daga ƙasashe 13, sannan ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jirgin Legas da Abuja. Kusan mako huɗu ke nan jirage na sauka. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da cutar a Kano. Rufe iyaka yana sayo lokaci ne kawai, makonni ƙalilan, kuma sai idan an yi shi kafin cutar ta fara yawo tsakanin mutanen gida. Da zarar ta shiga kasuwa da masallaci da motar haya, hana baƙo shigowa ya zama ihu bayan hari.

Me ya sa aka ce a killace mutum kwana 14? Ba don an ga dama ba ne. Kowace cuta tana da kwanakin da take ɓoye a jiki kafin alamunta su fito. Nau'in korona na farko yakan ɗauki kimanin kwana 5, kuma kusan duk wanda zai nuna alama yakan nuna kafin kwana 12, shi ya sa aka ƙara kwana biyu aka ce 14. Ebola kwana 21 ce. Shawara kwana 6. Da sabon nau'in korona mai suna Omicron ya zo, yawanci cikin kwana 3 yake bayyana, don haka tsare mutum mako biyu a kansa wahalarwa ce kawai. Dokar da ba ta bin wannan lissafi, ko ta yi gajere ta saki mai cutar, ko ta yi tsawo har mutane su gaji su fara tsallake katanga.

Gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, da aka riƙa yi kafin tashi shi ma yana da iyakarsa, kuma wannan ne mutane da yawa ba su gane ba. Gwajin yana faɗin halin da hancinka da maƙogwaronka suke ciki ne a sa'ar da aka ɗauki samfur. Wanda ya kamu jiya ko shekaranjiya, yawanci gwajin ba zai ga komai ba, domin ƙwayar ba ta yi yawan da na'ura za ta kama ba. A ce an gwada mutum ran Litinin, ya kamu ran Talata wajen sallama da 'yan uwa, ya hau jirgi ran Alhamis da takardarsa fes. Bai yi ƙarya ba, ɗakin gwajin ma bai yi ƙarya ba, amma ran Asabar ko Lahadi zai fara rabawa. Shi ya sa aka yi ta rage tazarar da ke tsakanin gwaji da tashin jirgi, daga awa 96 zuwa 72, har ta kai 48. Kuma shi ya sa gwajin kwana na bakwai bayan sauka ya fi na kafin tashi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ga kuma yadda ake ɗaukar samfurin. Tsinken audugar sai ya shige can ƙuryar hanci, a miƙe ta ƙasan hancin, ba sama ba, a juya shi a bar shi 'yan daƙiƙoƙi. Idan ma'aikaci ya ji tausayin fasinja ya shafa bakin hanci kawai, an ɓata kayan aiki. Bayan haka a saka tsinken cikin ruwansa na musamman, a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8, a kai ɗakin gwaji cikin awa 72. Akwatin sanyin da ƙanƙararsa ta narke a rana tsaka ta watan Afrilu zai iya mayar da mai cuta mai lafiya a takarda. Na'urar auna zafin jiki da ake saita wa a goshi kuwa, ba ma ganin a dogara da ita. Fasinjan da ya fito daga sanyin jirgi goshinsa a sanyaye yake, wanda ya haɗiyi farasitamol awa biyu kafin sauka zazzaɓinsa ya kwanta, sannan da yawa daga masu ɗauke da cutar ba su yin zazzaɓi ko kaɗan.

To, da aka buɗe jiragen ƙasashen waje ranar 5 ga Satumban 2020, tsarin da kwamitin shugaban ƙasa kan korona ƙarƙashin Boss Mustapha ya fitar a takarda ba shi da laifi. Ka yi gwaji kafin ka taso, ka cike bayananka a shafin intanet, ka biya kuɗin gwaji na biyu, ka killace kanka kwana 7, ka je a sake gwada ka. Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan kwana bakwai ɗin. Babu wanda ke bin sawu yadda ya kamata. Adireshin da aka rubuta sau da yawa ba ya kai mutum ko'ina, irin su bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai. Lambar wayar ta ƙasar waje ce da ta daina aiki tun a filin jirgi. Kuɗin gwajin a ɗakunan gwaji masu zaman kansu na Legas ya kai naira 50,400, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, kuma duk inda gwaji ya yi wannan tsada, kasuwar takardar bogi za ta ci. Wasu sun biya amma ba su je ba. A farkon Janairun 2021 gwamnati ta dakatar da fasfo 100 na tsawon wata shida saboda ƙin zuwa gwaji. Hukuncin ya zo bayan watanni, cutar kuma ba ta jira.

Akwai wani kuskure da ya fi shafar mu 'yan Arewa. Legas da Abuja kaɗai aka buɗe, filin jirgin Malam Aminu Kano bai koma jigilar ƙasashen waje ba sai a Afrilun 2021. Ɗan kasuwar da ya taso daga Dubai ko Alƙahira zai sauka Abuja, ya kwana a masauki, ya shiga motar haya ko wani jirgin zuwa Kano ko Katsina ko Gusau, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba su je ko'ina ba. Kafin ya fara killace kansa ya riga ya gauraya da mutum talatin.

Sai kuma ya iso gida. A nan ne ya kamata masu rubuta doka su zo su ga yadda muke zaune. Gidan yawa, banɗaki ɗaya, buta ɗaya, randa ɗaya da moɗa a kanta. Alhaji ko ɗan kasuwa ya dawo, kafin ya cire takalmi zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana musabaha, ana rungumar juna, yara na jiran tsaraba, tsohuwa na shafa masa kai tana sa albarka. Wa zai iya ce wa mahaifiyarsa ta tsaya daga bakin ƙofa? Killacewa a gida tana yiwuwa, amma da sharuɗɗa: ɗaki na kansa mai taga a buɗe, butarsa da kwanonsa da shimfiɗar sallarsa daban, a ajiye abinci a ƙofa, mutum ɗaya tak mai ƙuruciya da lafiya ya riƙa yi masa hidima da takunkumi, a nisanta shi da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Gidan da ba zai iya cika waɗannan ba, ba killacewa ake yi a cikinsa ba, ko da an sa hannu a takarda goma. Ya kamata tun a filin jirgi a tambayi mutum ɗaki nawa ne a gidansu, mutum nawa ke kwana a ciki, wanda amsarsa ta nuna ba hali a ba shi masauki.

Masaukin gwamnati ma ba a rasa shi da nasa haɗari. A birnin Melbourne na Ostareliya, ɓarkewar da ta fi muni a 2020 daga otal ɗin killacewa ta fito, ta hanyar ma'aikata da masu gadin da ba a horar ba. Otal an gina shi ne don baƙi, iska tana zagayawa daga ɗaki zuwa baranda, kuma mai kai abinci yana komawa gidansa kullum. Masu kafa hujja da New Zealand, wadda ta tsare kowa kwana 14 tana gwadawa a rana ta 3 da ta 12, su tuna tsibiri ce mai ƙofofi ƙalilan. Mu iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500. Ana iya sa ma'aikatan lafiya a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, amma mai babur da mai jaki da makiyayi ba ta nan suke bi ba, kuma dangi ne a ɓangarorin biyu. Kan tudu, abin da ke aiki shi ne asibitocin garuruwan iyaka su iya gane cuta da wuri, su kai rahoto cikin awa 24, kuma jami'an Katsina da na Maraɗi su kasance suna da lambar wayar juna.

Game da hana 'yan wata ƙasa shigowa, abin da ya faru a ƙarshen 2021 ya isa misali. Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya sabon nau'in ranar 24 ga Nuwamba, aka raɗa masa suna Omicron ranar 26. Ladan gaskiyar da ta faɗa shi ne aka rufe mata ƙofofi. Daga baya Holan ta gano nau'in a samfuran da ta ɗauka tun ranakun 19 da 23 ga watan. Birtaniya ta saka Najeriya a jerin jan layi ranar 6 ga Disamba: baƙo ba ya shiga, ɗan ƙasa ko mazaunin can sai ya biya fam 2,285 na kwana 10 a otal. Jakadan Najeriya a Landan na lokacin, Sarafa Tunji Isola, ya kira matakin wariya. Ranar 15 ga Disamba aka soke jerin baki ɗaya, domin cutar ta riga ta game Birtaniya. Kwana tara, an ɓata wa ɗalibai da marasa lafiya da iyalai tafiya, ba a tare komai ba. Babbar illar ita ce darasin da ƙasashe suka ɗauka: wanda ya yi saurin faɗa shi ke shan duka. Adalci kuma ya sa mu faɗa cewa mu ma mun yi irinsa a Mayun 2021 ga masu tasowa daga Indiya da Brazil da Turkiyya, har da tarar dala 3,500 ga kamfanin jirgi a kan kowane fasinja.

Akwai dokokin lafiya na duniya na 2005 da Najeriya da Nijar suke ciki. Sashe na 43 ya ce ƙasar da ta ɗauki matakin da ya hana matafiyi shiga, ko ya tsare shi fiye da awa 24, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 48 tare da hujjarta ta kimiyya, ta kuma sake duba matakin cikin wata uku. Sashe na 40 ya hana karɓar kuɗin killacewa daga matafiyi, ban da mai neman zama a ƙasar. Ƙasashe manya da ƙanana sun taka waɗannan.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni kada a shiga garin da annoba ta ɓarke, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Mun fi riƙe rabin farko. Rabi na biyu yana nufin nauyin tantance masu fita yana kan ƙasar da cutar take, kuma ya shafi cikin gida: kwashe almajirai daga jiha zuwa jiha da aka yi a Afrilu da Mayun 2020, ba tare da gwaji kafin tashi ba, ya saɓa wa wannan, kuma an samu masu cutar a cikin waɗanda aka sauke a Kaduna.

Mutanenmu ba ƙin doka suke yi ba idan sun san ta tun da wuri. Kowane maniyyaci ya san sai da allurar sanƙarau, aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya, kuma ba a faɗa a kai. A 2020 da 2021 ba a je Hajji daga waje ba, aka haƙura. A 2022 aka ce sai ɗan ƙasa da shekara 65, mai rigakafi, da gwaji cikin awa 72, kujerun Najeriya 43,008, aka bi. Abin da ke harzuƙa matafiyi shi ne dokar da ta canza yana cikin jirgi.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, su rubuta tsarin yanzu da ake zaune lafiya. Ƙa'idojin kullen 2020 a kan dokar killacewa ta 1926 aka jingina su, dokar zamanin Turawa da jiragen ruwa. Sabuwar ta fayyace wa ke da ikon rufe filin jirgi da kuma na kwana nawa kafin a sake dubawa, ta ɗora kuɗin gwajin bayan sauka a kan gwamnati ko ta ƙayyade shi, ta wajabta sanarwar aƙalla awa 72 kafin canza ƙa'ida. A tabbatar da lambar wayar fasinja ta hanyar kiran ta a gabansa kafin ya bar filin jirgi, a miƙa sunansa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa a ranar. A 2014, da Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli, bin sawun mutum kusan 900 gida-gida na kwana 21 ne ya tsayar da ita a kan mutum 20, kuma filayen jirgi a buɗe suke. Jami'an sa ido kan cututtukan suna nan a kowace ƙaramar hukuma, abin da suka fi buƙata shi ne babur da man fetur da katin waya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Kano.