Abokina da aka kora saboda laifina ya dawo bayan shekara 30

Assalamu alaikum Malam,

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinka a mota idan na taso daga ofis, kuma ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci nakan yi wa masu rubuto maka dariya, in ce wannan ma har sai an kai wa Malam? To yau ga ni a layi. Don Allah a sakaya sunana. Na san idan wani ɗan ajinmu ya ji labarin zai iya ganewa, amma na rufe ido na aiko, don abin ya fi ƙarfin cikina.

Na yi sakandare a wata makarantar kwana ta gwamnati, ta maza zalla. Mun shiga a 1988, kowa da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, muka fita a 1994. Ka san zamanin, wayar hannu ba ta zo mana ba sai 2001. Wanda kuka yi sallama da shi a tasha, in ba garinku ɗaya ba, shi ke nan kun rabu.

Da muka cika shekara 30 da gamawa, wani ya buɗe mana zauren WhatsApp. Wannan ya kawo lambar wancan, wancan ya tono wani a Facebook, kafin wata guda mun haura sittin. Makon farko ban yi barcin kirki ba. Mutum ya sa hotonsa, ka ga tsoho da furfura da tumbi, sai ya faɗi sunan tsokanar da ake kiransa da shi, nan take yaron ya dawo maka a ido. Aka tuno gabzar da muke ci, tuwon da in ka jefa wa bango zai dawo maka, da miyar da sai ka leƙa sosai kafin ka ga mai. Wanda a da ba ya iya haɗa biyu da biyu yanzu shi ke turo hoto daga Umara duk azumi, mai ɗaukar na ɗaya kuma yana bin bashin fansho. Aka jera sunayen waɗanda suka rasu, ranar zauren ya yi tsit. Bayan haka aka koma abin da aka saba, gaisuwar Juma'a da musun siyasa.

Sai wani dare na ga an ƙara wata lamba, an rubuta: "Ga Dogo nan, mun samo shi." Malam, ina cin abinci na ajiye cokali.

Dogo ba sunansa na yanka ba ne, haka muke kiransa. Ɗan musayar ɗalibai ne, irin wadda jihohin Arewa ke yi a tsakaninsu, daga can wajen Gashuwa aka kawo shi. Ba shi da kowa a garin, ranar ziyara ma a gindin darbejiya yake zama da littafinsa, sai in jawo shi mu ci abin da aka kawo mini daga gida. Gadonsa na kusa da nawa. Shi ya koya mini lissafi, da fitilar ƙwai, bayan an kashe wuta. Burinsa ya karanta likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma babu wanda ya yi shakkar zai samu.

A watan Yunin 1994 muna tsakiyar jarrabawar WAEC aka fara gasar cin kofin duniya a Amurka, zuwan Najeriya na farko. Wasanmu da Bulgeriya sai bayan sha biyun dare aka take shi a agogonmu. Mu biyar muka shirya mu tsallake katanga, mu je wani gida a cikin gari mai janareto. Ni ne kaftin na gidan kwananmu, rigata kuma daban take da ta sauran, ko daga nesa za a gane ta. Sai na zari wata riga a igiyar shanya a cikin duhu. Na san ta Dogo ce, don hannunta ya zarce nawa. Shi yana kwance a lulluɓe, zazzaɓi na kaɗa shi.

Mun ga Rashidi Yekini, Allah Ya jiƙansa, ya ci ƙwallon farko ya riƙe raga yana ihu, aka tashi uku da nema. A dawowa ne maigadi ya haske mu da tocila. Ni ne na ƙarshe a kan katanga, ya cafki wuyan rigar, na sulale na bar masa ita a hannu. A cikin wuyan akwai sunan Dogo da lambarsa, da tawada.

Da safe aka fito da shi gaban taron ɗalibai. Ya rantse da Allah bai fita ba. Shugaban makaranta ya tambaye ni, a matsayina na kaftin, ko na ga Dogo a gadonsa daren jiya. Na ce barci nake, ban sani ba. Aka yi masa bulala, aka kore shi daga ɗakin kwana, aka ce in yana so ya riƙa zuwa daga gari ya ƙarasa jarrabawa. Wane gari? Daga baya na ji ya kwana biyu a masallacin tasha da zazzaɓinsa, sannan wani direba ya tausaya ya ɗauke shi gida. Fefa uku suka rage masa. Sauran huɗun da muka fita tare sun gudu tun kafin a haska ni, kuma a duhu ba su lura da rigar da ke jikina ba, suka ɗauka biyo mu ya yi daga baya. Ni kaɗai na sani.

Na wuce jami'a, na yi aikin gwamnati, yau ina da gida da mota da 'ya'ya shida. Shi bai sake zama jarrabawar ba, mahaifinsa ya rasu a shekarar, ƙanne suka dawo wuyansa. Gyaran rediyo ya kama, daga baya gyaran waya, a wata rumfa a kasuwa. Yanzu kuma ciwon ƙoda ya kama shi, irin wanda ya addabi mutanen yankinsu, ana yi masa wanki sau biyu a mako idan an samu kuɗi. Abin da ya sa aka nemo shi ke nan, a haɗa masa gudummawa. Na tura abin da ya fi na kowa, har aka yi ta yabona a zaure ana cewa Kaftin ba ka canza ba. Kowane yabo kamar an watsa mini ruwan zafi.

Ranar nan wani, cikin raha, ya rubuta: "Dogo ɗan ƙwallo, Yekini ya ja maka!" Aka yi ta dariya. Shi ba ya rubutu sosai saboda idonsa, sai ya turo saƙon murya. Muryar ta shaƙe amma tasa ce. Ya ce: "Wallahi 'yan uwa ban fita ba daren nan. Amma ya wuce, haka Allah Ya rubuta." Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin. Washegari ya kira ni ya yi godiya, ya sa wa 'ya'yana albarka ɗaya bayan ɗaya, ya ce babban ɗansa ma lissafi yake so. Da za mu yi sallama ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Kaftin, ka riƙa kirana, akwai hira." Tun ranar nake juya maganar. Ko idonsa biyu lokacin da na fita da rigar?

Na gaya wa maiɗakina, ita ce mutum ta farko da ta taɓa ji. Ta yi kuka, sannan ta ce in bar kaza cikin gashinta. A ganinta, mutumin da ke fama da ƙoda da hawan jini ba a kai masa irin wannan labari, in ɗauki nauyin wankin da karatun ɗansa, in yi ta istigfari, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai gaskiya a maganarta. Sai dai tun muna Islamiyya aka koya mana cewa haƙƙin bawa sai bawa ya yafe, kuma ni na san wani ɓangare na son yin shirun nawa tsoron zubewar girma ne, ba tausayinsa kaɗai ba.

Don haka Malam, ka duba mini. In faɗa masa, ko in yi shiru in ci gaba da taimako? In har zan faɗa, tsakanina da shi ya wadatar, ko kuwa tunda a gaban jama'a aka tozarta shi, a gaban 'yan ajinmu ya kamata in wanke shi? Ina kuma tsoron ya yi zuciya ya ƙi karɓar kuɗina, alhali ransa na rataye da wankin nan. Kuma abin da nake ba shi yanzu yana yi mini godiya, sadaka ce ko bashi nake biya a ɓoye?

An sa ranar taronmu nan da mako uku. Da yake ni ne kaftin ɗinsa, an ɗora mini in je har gida in ɗauko shi a motata. Tafiya ce ta awanni, daga ni sai shi. Don Allah a taimaka a amsa mini kafin ranar.

Naka mai sauraro,
Wani tsohon kaftin