Sayayyar cikin waya ta kusa cinye mini albashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata ma'aikata. Ni malamar firamare ce a Gusau. Da sayen atamfa sai na shirya na shiga kasuwa, na taɓa, na taya, wani lokaci ma na fasa. Yanzu kuwa ina kwance bayan isha'i, sai hoton leshi ko turaren wuta ya faɗo mini a WhatsApp, an rubuta "saura biyu". Kafin in ankara na tura kuɗi.

Watan jiya na zauna da biro na bi saƙonnin banki. Naira 31,000 ta tafi kan mayafi, jaka da wasu kofuna da har yau suna cikin kwalinsu a ƙarƙashin gado. Ban ma sa kuɗin motar da ta kawo su daga Kano ba. Mayafin kuma da ya iso, ashe ba launin hoton ba ne. Duk wannan a lokacin da, tun cire tallafin mai a 2023, kwanon masara ke neman gagarar talaka.

Ban ga laifin masu sana'a ba, neman halaliyarsu suke yi. Ni dai na daina kallon tallarsu da dare. Abin da ya burge ni, in bar shi ya kwana uku; yawanci na manta da shi. Albashi na shigowa nake miƙa wa uwar adashi zubina, sauran in cire kuɗin cefane a hannu. Wannan watan ragowar ta saya wa autana takalmin makaranta.

Wata malama,
Tudun Wada, Gusau