Zuwa ga abokan cinikinmu masu solar biya-kaɗan-kaɗan

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Da yawanku kun biya kuɗin wata amma lambar buɗe na'ura ba ta shigo wayarku ba. Har mun ji ana cewa a kasuwa mun cinye kuɗin mutane. Wannan magana ta yi mana ciwo. Kamfanin da ke ƙera na'urorin ne ya durƙushe, kuma kwamfutocinsa ne ke fitar da lambar, ba mu ba.

Wani zai ce, kamfanin da Turawa suka zuba wa miliyoyin daloli, ta yaya zai karye? To, ba a kansa farau ba. Jawbone na Amurka, mai agogon lissafin motsa jiki, ya tara jarin da ya haura dala miliyan 900, amma ya rufe a 2017. Mobisol na Jamus, mai sana'a irin tamu a Tanzaniya da Ruwanda, ya karye a 2019 sai da Engie, kamfanin makamashi na Faransa, ya saye shi. Mai ƙera na'ura yakan biya masana'anta a Sin da dala tun kafin kaya su hau jirgin ruwa, kuma masana'anta ba ta karɓar ƙaramar oda, sai dubbai. Shi kuwa da naira ake biyansa, kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Dalar da take wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ga batir: in manhajar waya ta samu matsala ta intanet ake gyara ta, amma batir in ya kumbura sai an bi gida-gida an karɓo an canza. Masu jari kuma gaggawa suke yi, in riba ta yi jinkiri su janye hannu.

Mu ma kuɗin odarmu na can ya maƙale.

Muna tuntuɓar masu gyara da wasu dillalai, kuma in sha Allahu za ku ji daga gare mu. Don Allah kada kowa ya ɓalle na'urarsa tukuna, kuma ku adana rasit ɗinku.

Alhajinmu mai kanti da ya sayi fitila tun muna ƙaramar rumfa, malaman Islamiyyar da suka aminta da mu, matasa masu cajin waya, da iyayenmu mata masu adashe, ba mu manta da ku ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Shago a buɗe yake kullum, mai tambaya ya zo ya same mu ido da ido.

Naku,
Mai shago da yaransa